Darasi kan AI: wane aiki take ci, wa take yi wa hukunci, kuma a hannun wa take?

Darasinmu na yau ya ɗan kauce wa saitin waya da dabarun rage shan data. Wani ƙanina da ya fara koyon kodin wata huɗu da suka wuce ne ya turo mini saƙo da tsakar dare, ya ce: "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya, in ci gaba ko in bari? An ce AI za ta riƙa rubuta manhaja da kanta." Yaron nan kuɗin data da ƙyar yake haɗawa, kuma kwamfutar da yake koyo da ita aro ce. Bai kamata in sallame shi da "ka dage kawai" ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin na san ba shi kaɗai ke da tambayar ba.

Yadda take aiki, a gurguje

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta daɗe. Ita ce ke gane fuskarka in za ka buɗe waya, ita ce ke zaɓo maka bidiyon gaba a TikTok. Abin da ya tayar da ƙura shi ne ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya saki ranar 30 ga Nuwamba, 2022, sannan irinsu Gemini da Claude suka biyo baya.

Ka lura da allon rubutu na wayarka: in ka rubuta "ina", sai ya kawo maka "kwana". To, waɗannan manyan samfura haka suke yi, sai dai an ɗura musu rubutun da mutum ba zai karance ba ko da zai yi shekara dubbai, har suka ƙware wajen hasashen gutsuren kalmar da ya fi dacewa ya biyo baya. Daga wannan hasashe ne fassara da wasiƙa da kodin ke fitowa. Daga nan kuma aibinta yake fitowa: an horar da ita ta faɗi abin da ya yi kama da daidai, kuma abin da ya yi kama da daidai ba kullum yake zama daidai ba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro musu, da sunaye da lambobi tsaf, alhali ba a taɓa yin shari'o'in ba. Ka riƙe wannan a ranka, za mu sake buƙatarsa sau biyu a gaba.

Aiki: ba ta cin sana'a a dunƙule

A watan Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ƙiyasta cewa AI za ta shafi kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan yi a duniya. A ƙasashe masu ƙarfin arziki kusan kashi 60, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa kusan kashi 26. Mutane da yawa sun karanta "za ta shafi" a matsayin "za ta kora". Ba haka rahoton ya ce ba. Wasu aikin nasu zai yi sauƙi, wasu zai ragu, wasu ne zai tafi. Kuma kashi 26 ɗin nan ba abin murna ba ne sosai: yana nufin yawancin mutanenmu suna gona da kasuwa da kan babur, inda AI ba ta kai ba tukuna, kuma inda ba ta kai ba ribarta ma ba ta kai ba.

Hanyar da ta fi sauƙin fahimta ita ce ka daina kallon sana'a a matsayin abu guda. Kowace sana'a dami ce ta ƙananan ayyuka. Akawu yana shigar da lambobi, yana daidaita lissafi, yana kuma gane cewa rasit ɗin nan na bogi ne saboda ya san wanda ya kawo shi. AI tana zare wasu sanduna daga cikin damin, ta bar wasu. Waɗanda ta fi saurin zarewa su ne na rubutu ko hoto ko murya da ake maimaitawa, waɗanda kuma in an yi kuskure ba a mutuwa.

A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2024, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton asibiti, domin cikin shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekarun sun wuce, na'urar ta ƙware a gano wasu cututtuka a hoto, amma har yau asibitoci a Amurka da Ingila neman waɗannan likitoci suke yi. Karanta hoton sanda ɗaya ce a damin. Sai kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin: a Fabrairun 2024 ya yi shelar cewa manhajarsa ta amsa wa kwastomomi tana yin aikin mutum 700. A 2025 shugaban kamfanin da kansa ya amsa cewa sun bi araha har inganci ya ragu, kuma za su tabbatar kwastoma yana iya samun ɗan Adam ya yi magana da shi.

Kada wannan ya sa ka saki jiki, domin ga ɓangaren da ke damuna, kuma daga teburina zan kawo shi.

Shekara uku da suka wuce, in na karɓi aikin gina shafin intanet na makaranta ko na shago, akwai ƙananan abubuwan da nake ba wani yaro: ya gyara fom ɗin rajista, ya daidaita shafin ya zauna daidai a waya, ya kwashe sunayen ɗalibai daga takarda zuwa rumbun bayanai. Ina ba shi ɗan abin da ya samu, shi kuma yana koyo. Ni ma da irin waɗannan na koya. Yanzu waɗannan ayyuka minti goma suke ɗauka tsakanina da AI. Ban kori kowa ba, kawai dai na daina kira. Babu jaridar da za ta buga wannan a matsayin asarar aiki, amma asara ce.

Duk wanda ya zauna a shagon tela ya san yaro ba ya farawa da yanka shadda. Da sa maɓalli yake farawa, da guga, da kalmasa. A garejin kanikawa da wanke noti da miƙo sifana. Waɗannan ayyuka ba su da daraja a ido, amma a cikinsu ido ke buɗewa. AI ta fara cin matakalar farko ta tsani, ta bar na sama, kuma ba a hawa na sama sai ta na ƙasa. A ganina wannan ya fi "za a kori mutum miliyan kaza" zama barazana ga mai karanta wannan shafi.

Amma akwai wani gefen. Kwanaki na sa AI ta rubuta mini lissafin matsayin ɗalibai a sakamakon jarrabawa na wata makaranta. Kodin ɗin ya fito fes, ya yi aiki ba ƙorafi. Sai da na gwada da ɗalibai biyu masu maki ɗaya na ga ta ba ɗaya na uku ɗaya na huɗu, alhali makarantar tana ba su na uku su biyun, na bayansu ya zama na biyar. Ba wanda ya gaya mata wannan ƙa'ida, ita kuma ba ta tambaya ba. Da ban iya karanta kodin ba, da sai ranar raba sakamako iyaye za su gano mana. Wanda ya iya duba aikin AI ya gane inda ta kauce, darajarsa ta ƙaru. Wanda iyakarsa kwafa da mannawa, shi ne ke gasa da na'ura kai tsaye.

Sabbin ayyuka ma suna fitowa, kamar yadda masu buga takardu a cibiyoyin kwamfuta suka ragu, masu POS suka cika kowace kwana. Sai dai a duba irin aikin. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikata a Kenya, ta hannun kamfanin Sama, sun yi wa OpenAI aikin tantance munanan rubuce-rubuce domin a koya wa manhajar guje musu, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Aikin AI ne wannan ma, kuma shi ne irin wanda ya fi saurin isowa Afirka.

In gwamnati ta ɗauki na'ura aiki

Kamfani in ya yi maka ba daidai ba, kana iya komawa wani. Gwamnati kuwa guda ce. Shi ya sa wannan ɓangaren ya fi na farko nauyi, ko da yake ba a cika yin maganarsa ba.

Misalin da ake yawan yabo shi ne Estoniya, ƙasa mai mutum kusan miliyan 1.3. Tun 2001 suka kafa wani tsari mai suna X-Road da ke haɗa rumbunan bayanan hukumomi, ta yadda in ka ba gwamnati bayani sau ɗaya, wata hukumar ba za ta sake tambayarka ba. Tun 2005 suke zaɓe ta intanet. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta duba bayanansa. Yawancin wannan ba AI ba ce ma, tsaftataccen rumbun bayanai ne, kuma a kan irinsa ne AI ke iya zama.

Yanzu ga ɗaya fuskar. A ƙasar Holan gwamnati tana taimaka wa iyaye da kuɗin renon yara. Domin kama masu zamba, hukumar haraji ta yi amfani da wani tsarin kwamfuta mai koyo daga bayanan baya, wanda ke ba kowace takardar neman tallafi maki: mai yawan maki shi ne abin zargi. Cikin abubuwan da ke ƙara wa mutum maki har da kasancewarsa ba ɗan asalin ƙasar ba. Ma'aikacin da takardar ta faɗo wa teburinsa yana ganin an yi mata jan alama, amma bai san dalili ba. Dokar kuma mai tsauri ce: kuskure kaɗan, kamar rashin sa hannu a wani wuri, yana iya sa a ce ka dawo da duk abin da aka taɓa ba ka. Iyalai kusan 26,000 aka zarga bisa kuskure, wasu aka nemi su biya Yuro dubu goma-goma. Mutane sun shiga bashi, wasu sun rasa gidaje, aure ya mutu. Ranar 15 ga Janairu, 2021, gwamnatin Mark Rutte gaba ɗayanta ta yi murabus a kan wannan, daga baya kuma hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar hukumar harajin Yuro miliyan 2.75.

Ba na'ura kaɗai ce ta yi wannan ɓarna ba, mutane ne suka rubuta dokar, mutane ne suka ƙi sauraren koke. Abin da na'urar ta ƙara shi ne yawa da kuma rufa-rufa. Ma'aikaci mai son zuciya zai zalunci waɗanda suka zo gabansa. Tsarin kwamfuta mai son zuciya zai yi wa dubbai a dare ɗaya, kuma in ka je ƙorafi a ce maka "haka kwamfuta ta nuna". Wannan fa Holan ce, ƙasa mai kotuna masu ƙarfi da 'yan jarida masu bin diddigi, kuma duk da haka sai da aka yi shekaru kafin gaskiya ta fito.

Duk wanda aka taɓa rufe wa layi saboda haɗa NIN da SIM, ko aka ce sunansa na BVN bai dace da na katin ɗan ƙasa ba, ya ɗanɗani ƙaramin samfurin abin. Mu kuwa sunayenmu sun fi na kowa shiga wannan tarko: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, duk mutum ɗaya ne a unguwa, amma mutum huɗu ne a rumbun bayanai. Ga waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. In aka ɗora AI a kan irin wannan rumbu domin zaɓen wanda ya cancanci tallafi ko bashin karatu, ba za ta gyara kuskuren ba, koyonsa za ta yi.

Akwai abin da ya kamata ka sani a nan. Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba ka haƙƙin ƙin amincewa da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kanka in yana da babban tasiri a rayuwarka, tare da wasu keɓance-keɓance, ta kuma ba ka damar neman ɗan Adam ya duba. Hukumar NDPC ce ke kula da ita. Tarayyar Turai ta yi tata dokar ta AI, wadda ta fara aiki 1 ga Agusta, 2024, inda ta sa tsarin tantance masu neman tallafin gwamnati da masu neman aiki cikin rukunin masu babban haɗari. Albaniya kuwa a Satumbar 2025 ta naɗa wata manhaja mai suna Diella "minista" mai kula da kwangiloli domin yaƙi da cin hanci. Tambayar da zan yi a nan guda ce: in ministar ta yi kuskure, wa za a kira gaban majalisa?

Gasar ƙasashe: cif da wuta

A wayarka AI kamar iska take, ka rubuta ta amsa. A zahiri tana zaune ne cikin manyan gine-gine cike da kwamfutoci, kuma zuciyar kowace kwamfuta wani ɗan faifan lantarki ne da ake kira cif. Nau'in da ake horar da AI da shi sunansa GPU.

Bi wannan sarƙa a hankali. Kamfanin Nvidia na Amurka ne ke zana mafi yawan waɗannan GPU. Ba shi ke ƙera su ba, kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan ne ke ƙerawa. TSMC kuma ba zai iya ba sai da wata na'ura da kamfani ɗaya tak ke yi a duniya, ASML na Holan. Wato ƙasashe uku ne ke riƙe da maƙogwaron fasahar. Da ka gane wannan, labaran duniya da yawa za su warware maka: me ya sa Amurka ta ware kusan dala biliyan 52 a 2022 domin a dawo da ƙera cif gida, me ya sa a Oktoban wannan shekarar ta hana sayar wa Chaina manyan cif, me ya sa maganar Taiwan ba ta sanyi. Chaina tun 2017 ta bayyana shirin zama jagorar duniya a AI zuwa 2030.

Sai wuta. GPU ɗaya samfurin H100 yana jan wat 700, kusan duk ƙarfin ƙaramin janaretan nan na shagon aski. Kamfanin xAI na Elon Musk ya haɗa guda 100,000 a birnin Memphis a 2024. Yi lissafin da kanka: megawat 70 ke nan na cif ɗin kaɗai, ba a sa na sanyaya su ba. A Satumbar 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sake tayar da wata tashar nukiliya a Three Mile Island mai megawat 835, domin bukatar cibiyoyinsa. Madatsar Kainji da aka gina ta da ƙarfin megawat 760 ba ta kai wannan ba. Layin wutar Najeriya gaba ɗaya, na mutum sama da miliyan 200, yawanci tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 da wani abu yake rabawa. Duk wanda ya ce maka za mu gina abokin gasar ChatGPT daga tushe nan kusa, tambaye shi inda zai jona.

Amma a Janairun 2025 wani abu ya faru da ya buɗe ƙofa. Kamfanin DeepSeek na Chaina ya saki samfurin R1, wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da na Amurka a gwaje-gwaje da dama, bayan an horar da tushensa da cif masu rauni saboda takunkumi. Kamfanin ya ce zagayen ƙarshe na horar da tushen ya ci kusan dala miliyan 5.6. Wannan adadi bai haɗa da kuɗin sayen na'urori da binciken baya ba, saboda haka kada a ɗauke shi a matsayin duka kuɗin. Duk da haka ranar 27 ga Janairu darajar Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 590 a yini ɗaya. Abin da ya fi mana amfani shi ne sun saki samfurin a buɗe, kowa na iya saukewa ya gyara, kamar yadda Meta ke yi da Llama.

A wannan ƙofar Najeriya ta bi. Akwai cibiyar NCAIR a Abuja ƙarƙashin NITDA, akwai shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, an fitar da daftarin tsarin AI na ƙasa a 2024, sannan a Satumbar 2025 aka sanar da N-ATLAS, samfurin da aka gina a kan Llama domin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya. Ko waɗannan za su yi tasiri, aiwatarwa ce za ta nuna, kuma mun saba ganin tsari mai kyau a takarda.

Abin da muke da shi wanda Nvidia ba ta da shi shi ne harshe da sanin gida. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi da yawa daga Kano zuwa Damagaram zuwa Kumasi, amma rubutunta a intanet kaɗan ne, wanda ake da shi ma rabi ba ƙugiya, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya. Shi ya sa AI ke yin Hausa mai warin fassara, kuma jimlar Hausa takan cinye gutsattsarin kalmomi fiye da takwararta ta Turanci, wato mai gina manhaja da Hausa ya fi biyan kuɗi a kan magana ɗaya. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna tattara bayanai domin cike wannan giɓi, kuma a shafin Common Voice na Mozilla kowa na iya ba da muryarsa da Hausa daga wayarsa.

Amsar da na ba ƙanina

Na ce masa ya ci gaba, amma ya canza yadda yake koyo. Duk aikin gwaji ya fara yi da hannunsa, ko zai kwana a kai. Bayan ya gama ne zai ba AI aikin, ya jera nasa da nata ya nemo bambanci, kuma duk layin da ba zai iya yi mini bayaninsa da baki ba, ba zai shiga manhajarsa ba. Na kuma dawo da kiransa a kan ƙananan ayyukan da na daina bayarwa, ko da yake zan fi sauri ni kaɗai. Wannan makon shi ne zai gyara lissafin ɗalibai masu maki ɗaya.

Kai ma ga aikin gida, ko ba ka kodin. Buɗe duk manhajar AI da ke wayarka, ka yi mata tambaya biyar da Hausa a kan abin da ka fi kowa sani: sana'ar gidanku, unguwannin garinku, yadda ake dasa albasa ko haɗa injin markaɗe. Rubuta amsoshin a takarda, ka ja layi ƙarƙashin duk inda ta yi kuskure, ka kuma lura ko muryarta ta canza a wuraren da ta yi kuskuren. Sannan ka maimaita tambayoyin biyar da Turanci, ka ƙirga layukan da ka ja a kowane ɓangare.